Niyu Olins: Birnin da Ruwa Ya Ci, Ya Sake Tashi

Duk baƙon da ya shiga Niyu Olins, birnin da Faransawa suka kafa a 1718 a bakin kogin Misisipi, idonsa ba zai tsallake wata makekiyar ƙubba da ke tsakiyar gari ba. Ita ce filin wasa na Superdome. A nan aka buga Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurkawa, a Fabrairun 2025, karo na 11 ke nan da birnin ya karɓi baƙuncinsa.

Ba kowane gari ne ke samun wannan girma ba. Masu ƙungiyoyi 32 na gasar NFL ne ke kaɗa ƙuri'a, shekaru kafin ranar. Suna duba filin da zai ɗauki mutum dubu 70, da wadatar masaukin baƙi, da kuma ɗumin gari, domin da hunturu ake wasan. Garin sanyi kuwa galibi sai filinsa na da rufi.

Sai dai wannan fili ya ga baƙar rana. A Agustan 2005 guguwar Katrina ta fasa katangun tare ruwa, ambaliya ta mamaye kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin. Dubban talakawa suka fake a cikinsa, ga yunwa, ga ƙishirwa, rufi na yoyo. An gyara shi an buɗe a Satumban 2006, kuma a 2009 aka zaɓi birnin domin wasan 2013, alamar an sake amincewa da shi.

Amma mai ziyara ya daure ya leƙa unguwar Lower Ninth Ward, inda ruwan ya fi ɓarna. A can ciyawa ta rufe filaye da dama, masu gidajen ba su dawo ba.