Waƙa ɗaya, baki uku: ta wa ta fi?



Duk lokacin da muka saka "Wish You Were Here" cikin shirin gaishe-gaishe, sai gardama ta tashi. Mafi yawan masu saurare sun ɗauka waƙar Alpha Blondy ce. To, ba tashi ba ce, aro ya yi. Masu ita turawan Ingila ne, ƙungiyar Pink Floyd, sun fiddo ta a 1975. Roger Waters da David Gilmour suka tsara ta, Gilmour ya rera. Ma'anar sunan da Hausa: da ma kana nan.

Ta asalin, mu ma'aikatan rediyo tana taɓa mu tun daga farkonta. Za ka ji kamar ana murɗa akwatin rediyo ana biɗar tasha, sai gita ta shigo can ƙasa-ƙasa, sannan wata gita ta amsa mata kusa da kunnenka, kamar mutum shi kaɗai cikin ɗaki yana raka rediyonshi. Ba gaggawa, ba rawa. Waƙar dare ce.

A 2000, Wyclef Jean, ɗan asalin Haiti mazaunin Amurka, ya sake ta da kiɗan rap, ya ƙara maganganun kanshi. Gwani ne, ba musu. Amma a kunnenmu surutu ya yi mata yawa. Mai kewa ba ya yawan magana.

Sai 2007 Alpha Blondy ya saka ta cikin faifanshi "Jah Victory", shekarar da aka sa hannu kan sulhun Wagadugu, ƙasarshi Kodebuwa tana rabe biyu tun 2002. Ya ɗora ta bisa reggae, ga bas mai nauyi, ga busa mai kama da algaita. Baƙin cikin yana nan, amma ƙafa tana motsi. Shi ya sa ita ake roƙo a nan. Matar da maigidanta ya tafi biɗa Libiya, tsohuwar da ɗanta ke haƙar zinariya a Jado, ba su jin turanci, amma sun san abin da muryar ke faɗi.

Wacce ta fi? In don gaisuwa ce, mun ba Alpha. In kuwa don a zamna a yi tunani ne, ta 1975 ba ta da na biyu, kuma ga dalilinmu.

Faifan da ta fito ciki yana ɗauke da inuwar Syd Barrett, wanda da shi aka kafa ƙungiyar. Ya bar ta a 1968 bayan taɓin hankali da shan ƙwaya sun sha kanshi. A 1975 ya shigo inda suke ɗaukar faifan a Landan, abokanshi ba su gane shi ba da farko, don ya sauya kama. Bai rasu ba sai 2006. Wato mutum yana raye, yana gabanka, amma ba ya nan.

Jama'a, irin wannan muna da su. Ku dubi fadodinmu da dare, ku ƙirga samarin da tramol ya ɗauke. Wanda ya tafi Libiya muna aika mashi gaisuwa ta rediyo, muna kiran sunanshi da na mahaifinshi. Wanda ke zaune bakin ƙofa ya yi zuru, wa ke gaishe shi? Sai dai a ce "wane ya lalace", a wuce.

Don haka daga yanzu, ranar da muka saka ta Alpha don 'yan tafiya, za mu bi ta da ta asalin don waɗannan. In kuna da irinshi a gida, ku kira shi ku sha shayi tare, ku kai shi likita tun da sauran dama.

Allah ya maido mana da na nesa lafiya, ya maido da na kusa cikin hayyacinsu. Amin.