Kifin da Ba Ya Shiga Tukunya

Da wuya a sami wani kifi a kogin Isa ko a tafkin Cadi wanda Bahaushe bai raɗa wa suna ba. Akwai tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, akwai ƙurungu mai ƙaya, da minjirya mai fizgar mutum kamar ya taɓa wayar lantarki, da gaiwa wadda ke shigewa laka ta yi barcin rani har ruwa ya dawo, da talibambam mai kumbura ciki in an taɓa shi. Amma in mai karatu ya lura, duk a bakin koma aka raɗa waɗannan sunaye, ko kuwa a bakin tukunya. Mun san mai tsoka da mai ƙaya, mun san wanda ya fi daɗi a banda da wanda sai an soya. Kifin da za a ajiye a ɗaki, a ciyar da shi, a yi masa hidima, ba a kuma sa ran shan romonsa, wannan bai shiga lissafinmu ba. Mafi kusa da shi ita ce tarwaɗar da akan jefa a rijiya don ta cinye ƙwari. Ita ma aiki aka ɗauke ta, kuma ladan da ta samu shi ne ta zama abin zambo, a ce da wanda bai san duniya ba kifin rijiya.

Shekara bakwai ke nan ina kiwon wani kifi a gidana a Yamai wanda ba shi da suna a Hausa, kuma ba laifin Hausa ba ne. Faransawa suna kiran danginsa losh, masu sayar da shi suna ce masa botiya. Yawancin dangin nan a Asiya da Turai suke, a duk faɗin Afirka kuwa sai a Maroko da Habasha ake samun ƴan kaɗan daga cikinsu. Nawa daga kogunan Sumatara da Borniyo na ƙasar Indonesiya asalinsu yake, kuma wani likita ɗan Holan mai suna Pieter Bleeker ne ya fara bayyana su a littattafan kimiyya a 1852. Jikinsu ruwan lemo ne, da baƙaƙen ɗamara uku, fikafikansu ja, ga ƴan gashin baki da suke laluben abinci da su a cikin yashi. A ƙarƙashin kowane ido akwai wata ƙaya a kwance, wadda kifin ke miƙewa in ya tsorata. Wanda ya taɓa ƙoƙarin kwance botiya daga ragar kamu ya san da zamanta.

Ban je neman su ba. Wani abokin aiki ne da wa'adinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu ya kawo mini su shida, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, cikin akwatin gilashi mai cin lita 120. Na karɓa kamar yadda ake karɓar tukunyar fure. Daga baya na san cewa botiya kan haura shekara 20 a raye, kuma yakan kusanci santimita 30 in ya sami wuri. Yawancin waɗanda ke kasuwa a ƙananansu ake kamo su daga kogi, da gora mai ramuka da masunta ke nutsawa a ruwa su shige ciki su ɓuya. Wato abin da aka miƙo mini a matsayin kyauta, amana ce mai tsawon rai kamar ta doki.

Masu wannan sana'a sukan ce ruwa ake kiwo, kifi yana bin baya, kuma na ga gaskiyar maganar. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. A kogi ruwa mai gudu ke tafiya da ita. A akwati kuwa sai an dogara da wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin soson na'urar tace ruwa, su juya amoniya ta zama nitirit, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su juya shi ya zama nitirat mai sauƙin illa, wanda ake ragewa da canjin ruwa. Kafin waɗannan halittu su kafu a sabon akwati akan yi sati 4 zuwa 6. Shi ya sa ba a wanke soson da ruwan famfo, don sinadarin kulorin da ke kare mu daga cuta su kashe su yake yi. Kowace Asabar nakan zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, in zuba wa shukokin tsakar gida, in mayar da wanda ya kwana biyu a buɗaɗɗen baho.

Botiya ba ya zama shi kaɗai. In aka raba shi da ƴan'uwansa sai ya dushe, ya ɓuya, ya daina cin abinci sosai. Na shimfiɗa musu yashin kogi mai laushi saboda tsakuwa tana cinye gashin bakinsu, na kuma ajiye musu fasasshen tulu biyu. Ba su taɓa rabuwa uku-uku ba. Duk sai su cusu a tulu ɗaya, wani kan wani, wutsiyoyi a waje, kamar fasinjojin motar kasuwa. In sun sami dodon koɗi, wanda shi ne abin marmarinsu, har daga zaure ana jin wani ƙas-ƙas da suke yi da haƙoran maƙogwaro. Suna kuma da wata ɗabi'a mai tsinka zuciya: kifi ya kwanta a gefensa a kan yashi, shiru, kamar gawa. Ranar da mahaifiyata ta fara ganin haka, da ta zo daga Maraɗi ganin likita, sai ta yi salati ta kira ni.

"Zo ka fid da wannan, ya riga mu gidan gaskiya."

"Barci yake yi, Inna."

"Kifi ne ke barci a kishingiɗe kamar basarake? To, Allah ya shirye ka. Ka ɗauko abin da ba a ci, ba a sayarwa, ka ɗora wa kanka."

Ban iya ba ta amsa ba a lokacin, kuma tambayarta tana da nauyi fiye da yadda ta faɗe ta. Wanda ya tsare rai a inda ba zai iya nemar wa kansa abinci ba ya ɗauki alhaki, kuma kowane ɗan makarantar allo ya ji labarin matar da ta ɗaure kyanwa har ta mutu. Kyanwa ma tana kuka a ji. Kifi ba ya kuka.

A nan ƙasar, alhakin da bazara yake zuwa. Botiya yana son ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30, a Afrilu da Mayu kuwa zafin Yamai yakan haura 40 kusan kullum. Ruwa in ya yi zafi iskar oksijin da ke cikinsa raguwa take yi: lita ɗaya tana riƙe wajen miligiram 9 a digiri 20, amma da ƙyar ta riƙe 7 a digiri 35, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi bukatarta. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce ta randa. Nakan buɗe murfin akwatin in saita ƙaramar fanka tana kaɗa fuskar ruwan, busasshiyar iskarmu ta kwashi tururi ta tafi da zafi, ma'auni ya sauko da digiri biyu ko uku. Da hunturu kuma sai lamarin ya juye, a rufe akwati saboda ƙura, a kunna abin ɗumama ruwa, domin sanyin dare na farat ɗaya shi ke buɗe wa cutar fararen ɗigo ƙofa. Botiya, da yake ɓawon jikinsa ƙanana ne ƙwarai, shi ke fara kamuwa, shi ne kuma maganin ke fi wahalarwa.

Duk wannan da wuta yake tafiya. A wani daren Mayu, shekara uku da suka wuce, wuta ta ɗauke tun la'asar. Batirin injin hura iska ya riƙe har tsakar dare, sa'an nan ya yi shiru. Ma'auni yana kan 34. Na haska fitila na ga su shida a saman ruwa suna buɗe baki, su da ba su saba barin ƙasa ba. Ni da mai ɗakina muka jiƙa buhun algarara muka lulluɓe gilashin, muka riƙa karɓa-karɓa da moɗa, a ɗebo ruwan a ɗaga sama a kwararo shi don ya haɗiyi iska. Haka muka yi har aka kira assalatu. Babbar cikinsu, wadda kullum ita ke fara fitowa daga tulu sauran su biyo, ita ce ta kwanta a gefenta, wannan karon ba barci ba. Babban kifi shi ke fara galabaita in iska ta yi ƙaranci. Ɗiyata ta ce ba za a ba kyanwa ba, aka haƙa mata rami a gindin dogon yaro. Kwanaki bayan haka biyu daga cikin sauran suka yi ta ture-ture baki da baki, launinsu ya koɗe ya koma toka-toka, har ɗaya ta karɓi gaba. A watan na sayi faifan hasken rana da batiri na injin iskar kaɗai, kafin in saya wa ɗakin kwanana. Maƙwabta sun yi dariya, ban kuma ga laifinsu ba.

Wani abin da kiwon nan ya nuna mini shi ne namu kifayen ma abin kallo ne a wasu ƙasashe. Daga Legas ake ɗaukar kifayen kogin nan namu a jirgin sama zuwa shagunan Turai, har da wani mai dogon haɓa kamar hannun giwa, wanda ke gane hanyarsa a duhu da ƴar wutar lantarkin da jikinsa ke fitarwa. Wannan ya sa na gangara bakin kogi na roƙi wani dattijo Basarke ya samo mini ƙananan ƙurungu biyu masu rai.

"Ɗan nan, me za ka yi da waɗannan? Ko miyar yaro ba za su yi ba."

"Kallonsu zan yi, Baba."

Ya dube ni ya yi shiru, amma ya kawo, suna ta ƙugin nan nasu a cikin bokiti. Na ware su wata guda a wani baho don kada su shigo da cuta, kafin in haɗa su da botiya. Irin masu baƙin ciki ne, waɗanda ke iyo a rigingine, ciki sama, suna tsintar abinci a fuskar ruwa. Da dattijon ya biyo wata rana karɓar kuɗinsa, sai ya durƙusa gaban gilashin ya daɗe bai tashi ba. Ya ce tun yana yaro yake cire ƙurungu daga raga, ƙayarsa ta sha huda masa hannu, amma bai taɓa ganin yadda yake hutawa a maƙale a ƙarƙashin itace ba, don ruwan kogi ba ya nuna abin da ke cikinsa, balle da damina in ya yi ja. Ya tambaya ko zai iya kawo jikokinsa. Ya kawo su huɗu ranar Juma'a.

Yanzu botiya biyar ɗin sun doshi santimita 18, akwati na biyu mai lita 300 ya fara yi musu kaɗan. Ba zan sake su a kogi ba, domin baƙon kifi ko dai ya mutu ko ya zame wa ƴan gida fitina, kuma ban san wani a garin nan da zai karɓe su ba. Abin da ya rage shi ne akwati mai tsawon mita 2, wanda ruwansa kaɗai zai haura rabin tan, a gidan haya, a kan daɓen da sai na nemi izinin mai gida kafin in ƙarfafa shi. Makon jiya na kai wa mai yankan gilashi awo, na ce ina son mai kaurin milimita 12. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wace irin taga ce wannan?" Na yi masa bayani. Ya ce sai ya aika Kwatano a kawo, in dawo bayan sati uku.