Ƙubbar Fulorans da Haƙurin Magina

Mu da muka saba auna aiki da zangon karatu, ya kamata mu tsaya mu dubi babbar majami'ar birnin Fulorans ta ƙasar Italiya, wato Santa Maria del Fiore. A 1296 aka aza harsashinta bisa tsarin Arnolfo di Cambio. Gini ya yi ta tashi har aka iso mazaunin ƙubba, fili mai faɗin kusan mita 45, alhali ba a san yadda za a rufe shi ba.

Sai a 1420 Filippo Brunelleschi, wanda asalinsa maƙerin zinariya ne, ya kama aikin. Ya yi ƙubbar riɓi biyu, ta ciki da ta waje, ya jera tubalinta a karkace kamar ƙayar kifi, ta yadda kowane zagaye yakan riƙe kansa kafin a ɗora na gaba. An kammala ta a 1436.

Shekara 140 ke nan. Waɗanda suka haƙa harsashin ba su sha inuwar ƙubbar ba, amma sun amince jikokinsu za su fi su sani. Mu fa, wane aiki muka ɗauko a harshenmu da adabinmu wanda muka yarda na baya su ƙarasa?