Ɗaki Goma a Kakuri, Fili Ɗaya a Kafanchan



Da yawa daga cikinku kun san cewa tun da Baba ya tafi hutu wurin Ubangiji, mu 'ya'yansa biyar mun yi kusan shekara biyu muna fama da maganar sayar da gidansa na Kakuri. Wasunku sun taya mu kwashe kaya. Wasu sun zo duba gidan da niyyar saye, suka yi godiya, suka tafi. Tun da kun shiga maganar da ƙafarku, ya dace ku ji ta cikakkiya, gama nan da shekara biyar ko goma yawancinku ko dai kuna sayar da gidan iyaye, ko kuna neman inda za ku kafa naku.

Gidan ɗaki goma ne, biyar suna kallon biyar, da tsakar gida, da rijiya, da bayan gida biyu, da ɗakin girki ɗaya na kowa da kowa. Da albashin masaƙa Baba ya gina shi, ɗaki ɗaya ko biyu a shekara. A lokacin Kakuri cike take da ma'aikata, kafin a gama filasta an riga an sami mai haya. Da masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000, kuɗin hayar ɗakunan nan ne ya riƙe mu a makaranta, har da wanda ya tafi makarantar tauhidi a cikinmu. Saboda haka ba da sauƙin zuciya muka yanke shawarar ba. Amma babu ɗayanmu da yake zaune a ciki, gwiwoyin Mama ba sa iya jan guga kuma, gida kuwa idan ba mai kula da shi, gara ce take gadonsa.

Da mutum ya ce zai sayar da gida, shawarar farko da zai ji ita ce ya sayi fenti. Takardu ne a gaba. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da mai gida yake da shi shi ne izinin zama da amfani, yawanci na shekara 99, kuma ba ya miƙa wannan izini ga wani sai da amincewar gwamna. A Kaduna hukumar KADGIS ce take riƙe da bayanan filaye, can ne mai saye mai hankali zai tura lauyansa ya bincika ko sunan da yake kan takardar shaidar mallaka shi ne na mai sayarwa, ko akwai harajin ƙasa da ba a biya ba, ko an taɓa jinginar da gidan a banki. Sunan Baba ne a kan tamu, Baba kuma bai bar wasiyya a rubuce ba. Dole muka nemi takardar izinin kula da gado daga sashen gado na Babbar Kotu, gama in ba ita, ko ɗan fari ba shi da ikon sa hannu a madadin mamaci. Wannan rubutun da kuke gani da jan fenti a bangayen gidaje, ana gargaɗi cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, yawanci daga nan yake fitowa: wani ɗa ya karɓi kuɗi a ɓoye, sauran sun ji labari daga baya.

A nan ne muka fi daɗewa, kuma ba kotu ce ta riƙe mu ba. Wani babba a dangi ya zo ya zauna, ya ce a al'adarmu mata ba sa cin gadon gida, don haka yayyenmu mata biyu su yi haƙuri. Muka saurare shi da ladabi har ya gama. Sai ƙaraminmu ya ce, "Kawu, da Baba yake kwance a asibiti wata huɗu, wa ya kwana a ƙasa kusa da gadonsa?" Kawu bai amsa ba, mu ma ba mu matsa ba. Muka rubuta yarjejeniya a gaban dattawan ikkilisiya biyu da lauya: rabon Mama ya fita tukuna, abin da ya rage a raba biyar daidai. Kowa ya sa hannu kafin dillali ya ji ko da ƙishin-ƙishin. Masu son karatu su duba Irmiya sura 32, su ga yadda annabi ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa, aka auna kuɗin, aka kira shaidu, aka yi takarda biyu, ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe, aka ajiye su cikin tukunyar ƙasa don su daɗe. Ɗan'uwansa ne ya sayar masa, duk da haka an rubuta.

Sai gyara. Ba kowane gyara ne yake dawo da kuɗinsa ba. Mun canza kwanon da yake yoyo, mun cire silin da gara ta ci, mun kwashe salga, mun share magudanar ruwa, mun biya bashin wuta har muka karɓi rasit. Tayil da sababbin ƙofofin ƙarfe kuwa mun bar su, tun da mai saye zai iya fasa su gobe ya sa irin nasa. Kaya ma sun ci mana lokaci: tsohuwar keken Baba, akwatunan ƙarfe, kalandun ikkilisiya na shekara da shekaru. Mama ta zauna a kan kujera tana cewa wannan a ba wane, wancan a bari tukuna. Kwana uku muka yi a kan ɗaki ɗaya.

Akwai bangon baya da yake shan danshi kowace damina, daga ƙasa har kusan gwiwa. Dillali ya ce mu bari sai Disamba, mu shafa masa fenti mai kauri, ba wanda zai sani sai Agusta, lokacin kuwa kuɗi sun daɗe da shiga. Bai faɗa da mugunta ba, haka kasuwar take tafiya. Amma wanda zai saya watakila kuɗin sallamarsa na aikin shekara 35 zai zuba a ciki. Muka sa magini ya tona gefen bangon ya yi abin da zai iya, sauran kuma duk wanda ya zo dubawa muka kai shi can baya muka nuna masa. Mutum biyu sun fasa saboda haka, wani kuma ya rage farashi.

'Yan haya ma mutane ne, ba kayan gida ba. Wanda yake biya shekara-shekara, wata shida ake ba shi a rubuce. Akwai wata gwauruwa da ta yi shekara 14 a ɗakin ƙarshe, tana soya ƙosai a ƙofar gida. Mun jira har 'yarta ta gama jarrabawar sakandare kafin mu sa ranar tashi.

Da muka buɗe ƙofa ga masu saye, mun sa rai wani matashi daga cikinmu zai ɗauka, gidan ya ci gaba da jin waƙoƙin sujada da safe. Ma'aurata matasa sun zo, fiye da shida. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne: akwai bayan gida a cikin ɗaki? Mota za ta iya shiga? Akwai wurin kafa sola da tankin ruwa? Intanet yana kamawa a ciki? Gidan da aka gina domin ma'aikatan masaƙa marasa aure ba shi da amsar ko ɗaya. Wata ƙanwa, malamar jinya, ta faɗa mana a fili: "Fasto, kuɗin da zan sayi gidan nan in rushe rabinsa, zai saya mini fili a Kafanchan, in gina ɗaki biyu da falo, in haƙa rijiyar burtsatse, in kuma sami wurin shuka masara a baya."

Lissafinta ba shi da gyara. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya a nan ba. Tun daga lokacin, nisan gida da wurin aiki ya zama haya ta biyu. Ku tambayi 'yan'uwanmu da suke kwana a Mararaba ko Masaka suna aiki a cikin Abuja, waɗanda suke fita tun duhun asuba don su riga cunkoson Nyanya, su dawo yara sun yi barci. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, a ba da rance da ruwan kashi 6, amma mai ɗinki da mai POS da mai gyaran waya ba su cika bin wannan hanya ba. Yawancin matasanmu da bulo ɗari-ɗari suke gini, kamar yadda Baba ya yi. Mai irin wannan gini yana bukatar fili mai araha da zai jira shi, kuma a ƙananan garuruwa ake samunsa.

Garuruwan ma ba kamar dā suke ba. Lafia ta zama babban birnin jiha a 1996, ta sami jami'ar tarayya a 2011. Keffi tana da jami'ar jiha da cibiyar lafiya ta tarayya, ga ta kuma a bakin hanyar Abuja. Akwanga da Gidan Waya suna da kwalejojin ilimi, Kafanchan tana da reshen jami'ar jihar Kaduna. Inda ɗalibai suke, akwai haya, akwai abinci, akwai buga takardu, akwai aski. Wanda kuma aikinsa a kwamfuta yake, fanel biyu na sola da batir sun ishe shi, ba ruwan wanda yake biyansa da garin da yake zaune. Ga buhun masara daga gonar gida, ga kaka mai riƙe jariri.

Akwai dalili guda da ba a cika faɗa a gaban dillali ba. Mu da muka ga Kaduna a 2000 da 2002 mun san yadda gari ya rabu, kogi ya zama iyaka, mutane suka sayar da gidaje da gaggawa a kan kuɗin da bai kai rabi ba, wasu suka yi musaya da maƙwabtan da suka yi shekaru suna cin tuwon salla da shinkafar Kirsimeti tare. Jos ta ga irin nata daga 2001. Yaran da suka gudu a bayan iyayensu a lokacin su ne masu sayen gida yau, kuma suna so su kwana inda aka san sunan kakansu. Ba mu ga laifinsu ba. Sai dai abin yana yi mana ciwo, gama ɗan da ya girma bai taɓa zama kusa da wanda ba addininsu ɗaya ba, duk abin da aka gaya masa a kan wancan zai gaskata. Kuma ƙaramin gari ba mafaka ba ne tabbatacciya: Kafanchan da Zonkwa sun ƙone a rikicin bayan zaɓen 2011, ƙauyukan kewaye sun sha hare-hare, hanyoyi kuma kun san halinsu.

Wanda zai tafi ya tafi da ido buɗe. Filin ƙaramin gari sau da yawa gonar gado ce aka yanka, takardar mai unguwa kaɗai ba ta isa ba. Ku tambayi wane ne babba a gidan, ku ga sauran magada, ku kawo safiyo ya kafa duwatsun iyaka, ku je ofishin filaye, ku kuma ziyarci wurin a tsakiyar damina ku ga inda ruwa yake bi. Ku lissafa aikin matarku ko mijinku, ba naku kaɗai ba. Wanda ya dogara ga noma ya tuna da 2023, lokacin da cuta ta cinye cittar Kudancin Kaduna, manoman Kachia da Jaba suka tashi hannu wofi. Gida mai araha a garin da ba ka da abin yi, nan da nan yake komawa kasuwa.

Mu a ikkilisiya muna jin tafiyar nan a jikinmu. Takardun canjin ikkilisiya da muka sa wa hannu a shekarun nan, yawancinsu na 'yan ƙungiyar mawaƙa ne da malaman makarantar Lahadi, waɗanda muka yi wa baftisma muka kuma ɗaura wa aure. Kujerunsu suna nan ba kowa. Amma can inda suka je, ƙananan majami'u da suka daɗe ba mai kaɗa jita ko riƙe littafin kuɗi sun sami hannu. Abin da muke roƙo shi ne kada ku yi wata shida kuna cewa kuna duba ikkilisiya tukuna. Ku karɓi takardarku, ku kai ta a makon farko.

Wanda ya sayi gidan a ƙarshe dattijo ne mai sayar da kayan gini, ya haura shekara 60. Ya zo sau uku, sau ɗaya ana tsakar ruwa, ya tsuguna ya taɓa bangon baya da hannunsa. Zai mayar da ɗakunan gaba shaguna, ya kuma ce mai ƙosai ta ci gaba da suyarta a ƙofa. Dillali ya karɓi la'adarsa, lauya ya shigar da takardun neman amincewar gwamna, Mama ta koma wurin babbar yayarmu a Sabon Tasha da akwatunan ƙarfe biyu. Ƙaraminmu, wanda ya yi wa Kawu tambaya, ya kai rabonsa Kafanchan ya sayi fili a hanyar Kagoro. Ya buga bulo 600, yana so ya zuba harsashi kafin ruwan Afrilu. Masu hannu a aikin gini a cikinku, yana nemanku ranar Asabar ta biyu ga wata, mota za ta tashi daga ƙofar majami'a da ƙarfe 6 na safe.