Tsatsa Iri Biyu

Duk wanda yake son ya san abin da ke wucewa a kan hanyar wani gari, ba sai ya tsaya bakin titi yana ƙirga ba. Ya isa ya leƙa dandali ya duba abin da yara suke ƙerawa, domin hannun yaro ba ya ƙera sai abin da idonsa ya sha gani. Mu da muka tashi a ƙasar Bobi, cikin Ƙaramar Hukumar Mariga ta masarautar Kontagora, a shekarun 1980 zuwa farkon na 1990, abin da muka saba gani a hanyar Tegina zuwa Kontagora shi ne gingimari danƙare da buhunan masara da dawa, da tirelar shanu mai nufar Kudu, da fijo ƙirar Kaduna, da a-kori-kura ranar kasuwa. Su muka gani, su kuma muka ƙera.

Kayan aikinmu ba sa bukatar ko sisi. Da kaka ta yi, sai mu bi gonaki mu zaɓo sillen kara, mu feƙe ɓawonsa mu yi ƙusoshi da shi, totuwar kuma mu yanka ta gunduwa-gunduwa mu yi gangar jiki. Sakaina ko tsohon silifas su ne taya. Wanda ya ƙware sai ya haura zuwa gwangwanin madara da langa-langa da waya, har ya yi sitiyari dogo wanda zai riƙe yana tafe yana tuƙi, bakinsa yana kukan inji. Babu wanda ya koya mana awo, amma duk yaron da ya yi wa tirela kai ya fi bodi girma, ranar nan ya sha dariya. Motar sulke kuwa, wadda muke kira tankar yaƙi, a wurinmu labari ce kawai. Muna jin ta a bakin 'yan mazan jiya da suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ko a rediyo ranar da aka yi juyin mulki a Legas, kamar na 1983 da na 1985. Duk da barikin soja da ke Kontagora, ba mu tuna wani cikinmu ya taɓa ƙera ta ba.

Sai da muka girma muka gane cewa abin da muka ɗauka wasan yara ne, a wasu ƙasashe sana'a ce da shagali na manya masu furfura. Kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Tamiya na Japan suna zuba roba su fitar da sassan motocin yaƙi ƙanana, a sa su cikin kwali tare da takardar bayani, mai saye ya je gida ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya manna da gam, ya yi fenti. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne kashi 1 cikin 35, wato kowane santimita 35 na mota ta gaske ya koma santimita 1. Tamiya ne ya fara shi a 1961 da samfurin tankar Jamus mai suna Panther, kuma asalinsa ba wani lissafi mai zurfi ba ne: an yi girman ne daidai yadda batir da ɗan injin da zai tafiyar da ita za su shiga ciki, da aka auna sai aka ga ya faɗa kan wannan ma'auni.

Abin mamaki shi ne, a wurin gwanayen wannan aiki, harhaɗawa da fenti rabin tafiya ne. Sauran rabin shi ne abin da za mu iya kira tsufarwa, wato a ɗauki samfurin da aka gama yana ƙyalli, a ɓata kwanaki ana mayar da shi tsoho. Ana tsinka fenti mai duhu da ruwa ko mai, a bar shi ya gangara cikin lunguna da gefen ƙusoshi, don inuwa da dauɗa su fito. Ana shafa fenti mai haske a burushi, a goge shi har ya kusa bushewa, sannan a bi kusurwoyi da shi, don su yi kama da inda hannu da takalmi suka cinye. Ana ɗiga ɗan soso a fenti mai launin ƙarfe a dangwala inda fenti ya kamata ya ɓare. Ana niƙa alli mai launi a barbaɗa a taya da ƙarƙashi ya zama ƙura, a baƙanta bakin salansa da hayaƙi, a ɗiga alamar mai kusa da murfin tanki. François Verlinden na Beljiyam da Sheperd Paine na Amurka suna cikin waɗanda suka yaɗa waɗannan dabaru tun daga shekarun 1970. Hujjarsu ɗaya ce: mota mai ƙyalli ba ta faɗa wa mai kallo komai, amma ƙurar da ke jikinta tana faɗin inda ta je, da lokacin da ta je, da irin wuyar da ta sha.

Mu ma mun ɗan taɓa wannan aiki. Wani abokin karatu ya taɓa kawo mana tsarabar kwalin Saladin, motar sulke mai taya shida da igwa a ka, wadda kamfanin Alvis na Ingila ya ƙera, kuma sojojin tarayya suka yi amfani da ita, tare da Ferret da Saracen, a yaƙin basasa. Tsawon ta gaske ya kusa mita 5. Tamu ba ta wuce santimita 14 ba, tana zama daram a tafin hannu. Mun yi makonni muna mannawa. Da muka zo kan tsufarwa sai tambaya ta tare mu: wace ƙura za mu sa mata? Dole muka koma ga tsofaffin hotuna marasa launi da littattafan tarihi, muna kintatar irin taɓon da ke Gabas da damina. Wato yaƙin da muke ƙoƙarin kwaikwayo yana nesa da mu, a wuri da kuma a zamani. A lokacin ba mu lura da cewa wannan nisa ni'ima ce ba.

Yaran da muka tarar a wata ziyarar gida ne suka nuna mana haka. Su huɗu ne a inuwar zaure, babbansu bai wuce shekara 12 ba, kuma ɗan ƙanenmu ne. Sun buɗe gwangwanin man gyaɗa sun lanƙwasa shi ya yi ƙirji mai kusurwa, sun kifa gwangwanin tumatir a sama a kan ƙusa don ya riƙa juyawa, sun soka bututun biro ya zama bakin bindiga. Har ɗan tagar da direba ke leƙe ba su manta ba. Da suka gama, sai babban ya kwaɓa jar ƙasa da ruwa ya shafe ƙasan motar, ya jira ta sha iska, ya karkaɗe, ya bar abin da ya maƙale. Ya ɗebo toka ya busa a sama. Ya tsoma tsinke cikin baƙin mai ya ja layi daga bayanta. Daga ƙarshe ya ɗauki ƙusa da dutse ya yi mata lotsa uku a gefe. Muka ce masa, “Kai yaro, ka sha wahala ka yi abu mai kyau, don me kake ɓata shi?” Ya ɗago kai ya ce, “Baffa, ai wadda ta shiga daji ba ta fitowa fes.” Can gefe ƙaraminsu yana gina babura da yumɓu, kowanne da mutum uku a kai.

Babu wanda ya ba yaran nan kwali ko takardar bayani, kuma ba su taɓa jin sunan Verlinden ba, amma duk dabarunsa suna hannunsu. Malaminsu shi ne zamanin da suka buɗi ido a ciki. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da ma'aikata daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara. A ƙarshen Mayu na wannan shekara suka sace yara fiye da 100 daga wata makarantar Islamiyya a Tegina, waɗanda suka yi kusan wata 3 a daji. Waɗannan garuruwa ba nesa suke da mu ba. Hanya ɗaya muke bi. Ƙasar Bobi, wadda aka sani da makiyayar da gwamnati ta keɓe wa masu dabbobi, ta shiga jerin wuraren da ake ambata a labaran hare-hare. Da haka ayarin soja ya zama abin da yaro ke gani kamar yadda muka ga gingimari. Bature mai wannan shagali yana sayen ƙurarsa a kwalba, ya nemo launinta a littafi. Ɗanmu kuwa a ƙofar gida yake ɗebo tasa, kuma ita ce ainihin wadda ke jikin mota ta gaske.

Wasu iyaye in suka ga irin wannan wasa sai su tattake shi, suna cewa mugun fata ne. Muna fahimtar tsoronsu, amma ba ma jin wannan ce mafita. In an fasa madubi, fuska tana nan yadda take. Yaron da ya mayar da abin tsoro ɗan ƙarami har ya zauna a tafin hannunsa, yana neman hanyar da zai fi ƙarfin tsoron ne. Bayan haka, idon da ya lura da inda ƙura take taruwa a jikin mota, da hannun da ya sa gwangwani ya juya a kan ƙusa, su ne idon injiniya da hannun maƙeri, kuma su ne marubuci yake bukata. Ɗalibanmu masu rubuta ƙagaggun labarai suna da darasi a nan, domin sau da yawa suna kawo mana taurari fes, babu lotsa babu ƙura, sannan su yi mamakin yadda mai karatu ya ƙi gaskata su. Abin da ya kamace mu shi ne mu zauna kusa da yaron, mu yaba aikinsa, mu ji abin da ke ransa, mu kuma tabbatar makarantar da za ta raini wannan basira tana buɗe, yana iya zuwa ya dawo lafiya.

Gwanayen tsufarwa suna bambanta tsatsa iri biyu. Motar da ke bakin aiki ba ta cika tsatsa ba: ƙura ce da mai da ƙarfen da gugar yau da kullum ta sa yake walƙiya, sai ɗan ja-ja a salansa. Wadda aka jingine kuwa tsatsarta daban ce: tana zubowa daga kowace ƙusa kamar hawaye, fenti ya koɗe, taya ta sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashi. Wanda ya je Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, wanda aka ƙaddamar a 1985, zai ga irin ta biyu a jikin motocin sulken da Biyafara ta ƙera da hannunta, da na tarayya da suka fafata da su, duk suna tsaye wuri ɗaya, 'yan makaranta suna zagaya su. Rana da ruwa sun yi musu tsufarwar da babu burushin da zai iya, kuma a ganinmu babu kyakkyawan ƙarshe ga motar yaƙi da ya wuce wannan.

Yaran Bobi sun ƙware a tsatsa ta farko, domin ita ce a gabansu. Ta biyu ba su san ta ba, kuma ba za su koye ta daga littafi ba, sai ranar da manya suka yi abin da ya rataya a wuyansu, daga mai mulki zuwa mai unguwa, daga malami zuwa uba, har motocin nan suka rasa aikin yi a dajinmu. Ranar nan, in yaro ya so ƙera tankar yaƙi, sai ya zo ya tambaye mu yadda take, kamar yadda muka tambayi 'yan mazan jiya. Allah ya nuna mana lokacin.