Dukan da Ba Ya Jiran Ƙasa

A filin da muka taso muna buga ƙwallo, bayan firamaren unguwarmu, ba a amince wa ƙasa. Rabi rairayi ne, rabi tsakuwa da ramukan da damina ta bari. In ƙwallo ta dire, Allah kaɗai ya san inda za ta nufa. Shi ya sa yaron da ya iya tarar ta a sama, ya narka mata ƙafa tun ba ta sauka ba, shi ne gwani a wurinmu. Galibi dai kunya ake sha. Ko a shuri iska a zube, ko ta haura katanga ta faɗa kan shanyar barkonon wata tsohuwa, a yi ta "Iya, don Allah ki yi haƙuri." Sai da muka girma muka gane cewa mai jingina baya sama yake aika ta. Dole ka karkata jiki, gwiwa ta hau kan ƙwallon.

Ranar 13 ga Yunin 1998 muka ga yadda manya ke yi. Najeriya da Sifaniya ne a birnin Nantes na Faransa, mu kuma muna kan tabarma a tsakar gidan maƙwabcinmu, talabijin a kan kujera. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci Hierro ya cillo wata doguwa, Raul ya ɗauke ta da hagu a sama, sai raga. Haushi bai hana mu yarda ta yi kyau ba. Garba Lawal ɗan Kaduna ya bugo wadda golan Sifaniya Zubizarreta ya tura ragarsa da hannunsa, sannan Sunday Oliseh ya sako tasa daga wajen da'ira, aka tashi 3 da 2. Har yau abokaina na musu a kan ta Oliseh, wai ai ta ɗan taɓa ƙasa kafin ya doka. Ta taɓa ɗin, to sai me?

Wani tsohon soja da ke gadi a layinmu ya ji mai sharhi na ta ihun volley, wato dukan ƙwallo tun ba ta sauka ba, ya yi dariya, ya ce, "Yara, wannan ai kalmarmu ce." A bariki, in ji shi, wuta ce da sahu guda ke saki lokaci ɗaya da umarnin hafsa. Bindigar zamanin da tana cin lokaci wajen ɗuri, ga ta ba ta da saiti, don haka sahu ɗaya ya harba, na baya ya matso, su kuma su koma ɗura albarushi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan sallah ya san yadda ƙarar ke dukan ƙirji. Irin wannan wuta ta haɗin baki, ga kuma bindiga mai ruwa, dawakan Sarkin Musulmi Attahiru suka tarar a bayan ganuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Ban da nishaɗin maganar a lokacin, ƙwallo nake son gani.

Ta Van Basten ta 1988 a kaset muka gan ta, shekaru bayan an yi. Amma ta Zidane da idona na gani, a gidan kallo, janareto na ruri a baya. Ranar 15 ga Mayun 2002 ce, a Hampden Park da ke Glasgow, Real Madrid da Bayer Leverkusen suna kunnen doki, ana dab da tafiya hutu. Roberto Carlos ya ɗaga wata ƙwallo da ko shi ba zai rantse ya san inda ya aika ta ba. Ta yi sama, ta daɗe. Zidane ya kafa ƙafar dama a bakin da'ira, ido a sama, ya juya ƙugu, ya ɗaga hagu kusan tsayin ƙirjinsa, ita ce kuma ƙafar da ba ta fi masa ƙarfi ba. Benci ya kife da mu. Wani magoyin bayan Barcelona da ke gefena ya riƙe kai yana ta salati.

Kofin Turai na 9 ke nan ga Madrid. A ganina Casillas, wanda ya shigo canji bayan golansu Cesar ya ji rauni, shi ya riƙe musu kofin da ƙwallayen da ya kaɗe a mintunan ƙarshe. Amma ka faɗi haka a majalisa ka ga ko akwai mai sauraronka.