Kundin Da Na Haɗa Wa Kakata

Duk wanda muke ɗakin kwana ɗaya da shi ya san sunan da aka laƙaba mini bara, watau Baban Bola. Dalilin samun sunan kuwa shi ne, ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekara, sa'ad da kowa ke ɗaure akwatinsa yana murna, ni sai aka gan ni a bayan ofis ina tsintar tsofaffin ambulan da kalandu da kwalaye. An yi mini dariya ƙwarai ran nan, ban kuwa ce wa kowa uffan ba. Yanzu da aka ba mu fili a wannan mujalla, ina so in faɗi abin da na yi da tarkacen nan, domin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su yanke hukunci da kansu.

Asalin maganar daga gida ne. Kakata ta wajen uba tana da wata tsohuwar adaka a ƙarƙashin gadonta, a cikin adakar kuwa akwai wani gwangwanin biskit inda take ajiye hotunan dangi. Da na je hutun rabin zango a farkon damina, sai na tarar indararon ɗakinta ya toshe, ruwa ya yi yoyo har ya shiga adakar. Muka fito da kaya muka shanya. Da aka buɗe gwangwanin sai ga hotuna sun jiƙe, waɗansu sun manne da juna kamar an sa musu gam. Ni kuwa da rawar kai, ban tsaya shawara da kowa ba, na kama guda biyu na ja da ƙarfi. Suka rabu, amma fuskar wadda ke jikin na ƙasa ta ɓare, ba abin da ya rage sai ɗankwali da zane da hannuwa.

Kaka ta karɓa ta kai kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa. Kullum in na yi ɓarna takan ce, "Kai dai maigidan nan ba ka da amfani, ga rashin cefane ga ta'adi." Ran nan ba ta yi wasan ba. Cewa ta yi, "Yayata ce, wadda ta rasu wajen haihuwa. Ba ta da wani hoto sai wannan. Shi ke nan, yanzu ba wanda ya san fuskarta sai ni, ni ma kuwa idon ya fara tafiya." Da ta zage ni ko ta dake ni, da ya fi mini sauƙi.

Da dare na kasa barci. Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne, da na ɗauki sauran hotunan na kai wa mahaifina, ko rabin mutanen da ke ciki bai sani ba. Ashe sunayensu duka a kan tsohuwa ɗaya suke, ga ta kuwa yanar ido ta fara rufe mata gani. Na roƙi Baba ya sayo mata albam a kasuwa, ya ce in bari a ji da kuɗin makaranta tukuna.

Da muka dawo makaranta sai na kai kukana wurin malaminmu na zane da aikin hannu. Ya ce mini rashin sayen ma alheri ne, domin albam ɗin nan mai shafi mai danƙo da leda a kai, gam ɗinsa kan ɓata hoto in an daɗe, ga shi ba wurin rubutu. Ya ce in haɗa nawa, ya kuma kafa mini sharuɗɗa uku. Na farko, kada gam ya taɓa jikin hoto ko kaɗan. Na biyu, kada in yi amfani da salatif, domin yakan yi ja ya bar tabon da ba ya fita. Na uku, in zan yi rubutu a bayan hoto, da fensir zan yi a hankali, ba da biro ba. Sa'an nan ya ɗauki wata tsohuwar ambulan ya yanke kusurwarta da almakashi, ya nuna mini yadda ta zama ɗan aljihu mai kusurwa uku. In aka liƙa irinsa huɗu a kan shafi, sai a cusa kusurwoyin hoto a ciki, ya zauna daram, ran da aka so kuma a zare shi lafiya. Kowace ambulan tana ba da huɗu, watau hoto ɗaya ambulan ɗaya. To, kun ji abin da ya kai ni bayan ofis.

Da na isa gida na baje kayana a zaure. Shafuka na yi su da tsofaffin kalandu masu kauri. Nakan yanka falle, in ninka shi biyu, gefen da aka yi bugu ya koma ciki, in liƙe, sai ya zama fari gaba da baya, inci 10 a tsaye, inci 8 a kwance. A nan na koyi wani abin da ban taɓa lura da shi ba, ashe takarda tana da gefen da ta fi son a ninka ta, kamar yadda itace yake da hanyar da ya fi tsagewa. In ka bi wannan gefen sai ta kwanta sumul, in ka saɓa sai ta yi ta karyewa. Gam kuwa ban saya ba. Cokali ɗaya na fulawa na dama da cokali biyar na ruwa, na ɗora a wuta kaɗan ina juyawa har ya yi kaurin kunu, na bari ya huce. Sai dai a shafa shi sama-sama, domin in ya yi yawa takarda takan yamutse, kyankyasai kuma suna son sa. Duk shafin da na liƙa nakan sa shi tsakanin katako biyu in danne da dutsen niƙa ya kwana, tun da damina ce abu ba ya bushewa da wuri.

Bango na yi shi da kwalin sukari. Na je wurin telan unguwarmu na roƙi ƙyallayen da yake sharewa, na yi sa'a na sami ragowar wata atamfa shuɗiya. Bangon gaba na raba shi biyu, siriri mai faɗin inci ɗaya da babba, na bar ɗan tsakani kafin in lulluɓe su da ƙyalle, domin ya riƙa buɗewa kamar ƙofa. Tsakanin kowane shafi da na gaba, ta wajen ɗauri, na sa siririn kwali, saboda in hotuna sun shiga kada kundin ya kumbura ya ƙi rufuwa. Daga nan na huda ramuka uku da ƙusa, na zura igiyar takalmi sabuwa na ɗaure. Ita kaɗai ce abin da na saya da kuɗina.

Wajen ado ne na sake yin kuskure. Na tara katunan gayyatar biki masu ruwan zinariya ina yanke furanninsu, sai Kaka ta lalubo wani guntu a ƙasa ta ce in karanta mata. Da na duba sai na ga Bisimilla ce na raba biyu. Ta yi mini faɗa sosai, ta sa na tsince duk mai ɗauke da sunan Allah ko aya, aka ƙone su a wuri mai tsabta aka binne tokar. Tun daga ran nan ba na sa almakashi a takarda sai na karanta abin da ke jikinta, ina kuma jan kunnen duk mai son irin wannan aiki da ya kiyaye.

Aikin da ya fi duka daɗi shi ne na rubutu. Mako uku muka yi, kullum bayan la'asar, ina zaune a bakin tabarmarta da fensir. In na miƙa mata hoto sai ta kai shi hanci, ta juya shi wajen haske, sa'an nan ta ce wane ne, ɗan wane, a gari kaza. Wani ta yi dariya, wani ta yi shiru ta yi masa addu'a. A nan na fara ganin kakana da ƙuruciyarsa, yana tsaye da littafin awo a gaban dalar gyaɗa a Kano. Ta ce lokacin da fam da sule ake biyansa, domin naira ba ta zo ba sai a 1973. Ni da nake jin dalar gyaɗa a darasin tarihi kurum, tun da ta ɓace tun kafin a haifi Baba ya yi wayo, ashe guminmu na ciki.

Da muka zo kan hoton da na ɓata, na so in ɓoye shi don kunya. Kaka ta ce a'a, a ba shi shafinsa. Na ce to, ta faɗa mini kamanninta. Ta ce doguwa ce, wankan tarwaɗa, tana da wushirya, ga tsage uku a kowane kunci, in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi, kuma duk unguwar ba mai dambu irin nata. Na rubuta duka a ƙarƙashin hoton, ban rage ko kalma ba. Da na karanta mata sai ta ce, "Ita ce." Sa'an nan ta ƙara da cewa, "Maigida, yau dai ka yi cefane."

Ranar sunan ɗan yayata aka fito da kundin, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. Wani baffana da ya fara cewa ai yanzu zamanin waya ne, shi ne ya fi kowa daɗewa a kansa, daga baya ma ya bi shafi shafi yana ɗauka da wayarsa. Ashe an taɓa sace masa waya da hotunan aurensa duka a ciki. Ni dai ina ganin kowanne da amfaninsa, a ajiye a waya, a kuma ajiye a takarda.

Kaka ta ce a zamaninsu ba a yar da takarda. Da na tambayi malamin tarihi sai ya ce gaskiyarta. A ƙasar Sin aka fara yin takarda, ana kuma danganta gyaran sana'ar ga wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun a shekara ta 105. Wadda malamanmu suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19 kuwa, yawancinta daga Italiya ake yin ta, ta biyo ta Tarabulus, raƙuma su ƙetaro Sahara da ita. In aka ɗaga ta a rana akan ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Saboda tsadarta ne ake adana ta cikin tadarishi da gafaka, yara kuwa su yi karatu a allo, a wanke a sake rubutawa. Mu kuwa yau, ƙarshen kowane zango, sai ka ga littattafan rubutu a kwandon shara, rabin shafukansu ko ɗigon tawada babu. Bana da irin waɗannan shafuka na ɗinka littafin da nake lissafi a ciki.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana, in kun je hutu ku tambayi tsofaffinku ina gwangwaninsu yake, ku zauna da su da fensir tun suna iya faɗa. Iyaye kuma, in kun ga yaro yana tara kwali da ƙyalle, a tambaye shi abin da zai yi kafin a kore shi. Sunan Baban Bola kuwa na karɓa, ba na fushi da kowa. Allah ya ƙara wa iyayenmu da kakanninmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.